Ɗakin da Aka Gina a Hanyar Ruwa

Kai da ka taso da niyyar ƙara ɗaki a gidan gado, ajiye takardun nan tukuna ka ji misali.

A da, a tsohuwar unguwa, in mutum zai ƙara ɗaki ba da magini yake farawa ba. Goro yake ƙunsawa a ganye ya kai wa mai unguwa. Mai unguwa ya ɗauki sandarsa, ya aika a kira maƙwabcin gabas da na yamma, har da tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a lungun. A tsaya a rana ana kallon ƙasa kamar an yar da allura. Wannan ya ce kada indararonka ya kalli katangata, wancan ya ce a bar wa jaki da mangala hanya. In an gama a yi fatiha, a fasa goro, a watse. Izinin ke nan, ba tambari ba sa hannu.

To, an yi wani maɗinkin hula da ya gaji gidan ƙasa, mahaifiyarsa na ciki, a soron da aka kawo ta tana amarya. Gwiwa ta fara ba ta wahala, ga soron da tudu a bakin ƙofa, ga nisa da banɗaki. Sai ya yi niyyar gina mata ɗakin bulo a wani ɗan fili da ke bayan gida, kafin damina ta faɗi. Mutumin kirki ne, mai bin doka. Ya sa aka zana masa ɗakin a takarda, ya kai ofishin da ke ba da izinin gini. Wata biyu yana zarya. Akwai wani ma'aikaci a can mai tabarau a kan karan hanci, ba ya ɗaga kai, sai dai ya lashi yatsa ya juya takarda ya ce, "Malam, hotonka biyu ne, uku muke so. Ka dawo Talata." Talata ta zo: "Ai mai sa hannun ya tafi ta'aziyya." Daga ƙarshe dai aka turo mai awo, ya auna tsawo da faɗi a tsakiyar bazara, ƙasa a bushe ƙamas, ya rubuta abin da idonsa ya gani. Bai yi ƙarya ba. Takarda ta fito da tambari shuɗi.

Maɗinki ya sa ta a leda, ya riƙa yawo da ita a aljihun gaba, yadda kanta zai ɗan leƙo. Da aka tambaye shi ko ya je wajen mai unguwa, ya ce wanda hukuma ta sa wa hannu me kuma zai nema a zaure? Ranar da aka fara haƙa harsashi, wata tsohuwa mai daddawa da ke maƙwabtaka da su ta leƙo ta katanga, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ɗan nan, ubanka bai bar wurin nan fili don ya rasa tubali ba. In aka yi ruwa mai ƙarfi, ta nan yake bi ya faɗa kududdufi." Ya zaro takarda ya buɗe mata. Ta karɓa ta riƙe ta a juye, don ba ta karatu, ta gyaɗa kai ta ce, "Ma sha Allah, ta yi kyau. In ruwan ya zo shi ma ka nuna masa."

Ɗaki ya tashi fes, da silin da fenti. Uwar ta yi ta ja da baya wajen tarewa, yau ta ce sai bayan sallah, gobe ta ce warin siminti na sa ta tari. Ruwan farko ya wuce lafiya, na biyu ma haka, maɗinki na ta murmushi. Da marka ta zauna, wata la'asar aka sheƙa ruwan da an shekara bakwai ba a ga irinsa ba. Ruwa ya zo hanyarsa ya tarar da bulo, ya juya ya kwanta a gindin tsohon soro. Kwana biyu yana cin bangon ta ƙasa. A na uku da hantsi, an fito da uwar ke nan ana shirin kwashe kaya, bango ya durƙusa, azara ta biyo shi. Ba wanda ya ko ƙuje. Amma jeren kwanoninta, da gadon ƙarfe, da alkukin da take ajiye fitila, da kusurwar da ta haifi 'ya'ya bakwai a cikinta, duk suka koma ƙasa.

Sabon ɗaki ko tsagewa bai yi ba, izininsa kuma na nan daram, ba mai cewa a rushe. Tsohuwa ta tare a ciki, ba ta taɓa yi wa ɗanta gori ba. Sai dai kullum da yamma takan ja tabarma bakin ƙofa, ta fuskanci tsibin jar ƙasar nan, duk baƙon da ya shigo ta nuna masa da baki: nan gadona yake, nan ne taga.

Saboda haka je ka ofis ka karɓo takardarka, doka ce, a bi ta. Amma kafin a sa diga a ƙasa, ka tambayi wanda ya ga damina sittin a lungun. Hausawa sun ce, abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba.