Huhun da ya fito daga ajin maza

Shekarar da aka fara Shari'a aka raba mu da maza a makarantarmu ta Kasuwar Daji, su da safe, mu bayan azahar. Don haka huhun ragon da Malam ya karɓo wajen mahauta da sassafe, sai da ya gama zagaya bakunan maza kafin ya iso gare mu. Ya yi baƙi, yana ƙarni, ƙudaje na bin sa.

Malam ya miƙo mini karan da ya zura a maƙogwaron. "Hura, 'yata."

Karan jiƙe yake da miyau. Na runtse ido na hura. Huhun ya kumbura a hannuna kamar mai rai.

"Haka naki yake," in ji Malam. "Cikinsa 'yan jakunkuna ne. Nan jini ke karɓar iska mai amfani, ya bar wadda ya gama da ita, ki fitar."

Bai rufe baki ba huhun ya saki, iskar ta dawo cikin bakina, da ɗanɗanon naman da ya wuni a rana.

Darasin ya zauna, ban musa ba. Amma har yau in aka zuba mini kayan ciki, sai na tsince huhun na tura wa maigidana. Su maza ai da sabonsa suka san shi.