Buhun Barcin Iya Kubra

Wata uku bayan gwamnati ta kwaso kujerunta daga Legas, Bernard ya yanka dilar gwanjo a Nyanya yana sa ran riguna. Sai ga buhunan barci goma sha biyu, irin waɗanda Turawa ke shiga su zuge in sun je kwanan daji cikin hunturu. A Abuja, a watan Maris!

Rumfar da yake ciniki a ciki ta matarsa Christina ce. Ta ba shi zuwa Juma'a: in bai sayar da ko ɗaya ba, tumatirinta zai dawo kan tebur, shi kuma ya nemi gindin bishiya.

Ranar Alhamis da azahar, wata tsohuwa ta tsaya. Iya Kubra ake ce mata. Yatsunta duk sun yi yaushi kamar na mai wankau.

"Wanne ne ba abin da ke ratsa shi?"

"Mama, ɗanki ne zai tafi Rasha?"

"Ciniki kake ko aikin jarida?"

Ya baje mata su. Wannan auduga, wannan soso, wancan gashin tsuntsu, ko kan dutse aka kwana ba ruwansa da sanyi. Ta mintsini ɗinki, ta auna tsawo da taƙi, ta tsiyaya ruwan buta a ciki ta ga ko zai yoyo.

"Shiga," ta ce.

Ya tuna tumatir, ya shiga. Ta zuge shi har wuya, ta sa aka shimfiɗe shi a tsakar rana bakin tasha. Kwandastoci suka kewaye shi suna tafi: "Oga Bernard, Allah ya jiƙan rai!"

Na auduga, rana ta gasa masa ciki. Na soso, haka. A na gashin tsuntsu ya yi nishi: "Mama, rana ba ta shigowa, amma zafin jikina zai dafa ni."

"Shi nake so. Mai kwanciya ciki ba shi da zafin jiki."

Ta biya, ta naɗe, ta tafi. Rumfa ta tsira, amma Bernard ya kasa cin tuwo.

Washegari da safe ya hangi ƙarti biyu sun ɗauko buhun a sandare, sun ɗora kan motar Garki, tsohuwa na biye tana cewa a yi a hankali da wajen kai. Fasinjoji suka yi tsit, wani ya cire hula. Bernard ya ga kansa a gaban alƙali. Ya faɗa motar yana addu'a.

A wurin da ake gina ofisoshi aka sauke. Leburori suka ajiye shebur, suka yi layi. Iya Kubra ta hango shi.

"Gwamma da ka zo. Sauran masu gashin tsuntsun, ajiye mini su duka."

Ta durƙusa ta zuge. Shekara biyu tana sayar wa leburori zoɓo, yau ne karon farko da sandar ƙanƙararta ta iso Garki ba ta narke ba.