Wawan Cikin Littafi

Ta dawo daga aiki a gajiye, ga jarrabawar adabi jibi. Don kada barci ya sace ta, sai take karanta wani tsohon wasan kwaikwayon Turawa a bayyane: labarin jarumin da amininsa ya cika wa kunne da ƙarya har ya kashe matarsa, baiwar Allah ba ta ji ba ta gani ba.

Maigidanta ya ajiye cokali, ya yi tsaki. "Wannan ai wawa ne! Bai san halin matarsa ba?"

Ta ɗago kai, ranta ya yi sanyi.

"Af," ya ce, "kawo wayarki in duba. Abokina ya ce wani ya sauke ki a mota."

Ta miƙa masa kamar kullum, ta juya shafi.