Kafireta Ce

Kwana tara ke nan Baba yana durƙushe gaban babur ɗinsa mai ƙafa huɗu. Ya goge fulogi, ya hure kafireta, ya sauya batir. Injin ko tari bai yi ba.

"Haska min nan, uwata," ya ce mini, alhali rana na tsaka.

Tun da ya afka rami a hanyar gona, likita ya ce idanunsa ba za su dawo ba, na zare fiyus ɗin babur ɗin don kada ya tashi, na ƙulle a bakin zanina.

Yau da ya buɗe wani murfi, yatsansa ya lalubo gurbin fiyus ɗin, ya ji wayam. Ya juyo da fuskarsa inda nake tsaye. Sannan ya mayar da murfin a hankali.

"Kafireta ce," ya ce. "Gobe ma sake dubawa."