Tarkon Bayan Akurki

Tunku ya addabi kajinmu a Tungan Maje, tun ba a san za a yi birni a yankin ba. Kajin na Inna ne, su ta bar mana da ta rasu. Sai Baba ya ɗana tarko a bayan akurki.

Da la'asar muka tarar tarkon ya kama. Ina ta tsallen murna, Baba ya juya gawar da sanda, sai ga ruwan nono yana tsattsafowa.

Ya daɗe a tsugune, bai kalle ni ba. Can ya ce, "Ashe shayarwa take. Yau wasu ma za su yi ta jiran uwarsu."

Har yau ina jin ƙarnin jinin nan. Baba bai sake ɗana tarko ba, kajin Inna suka ƙare ɗaya bayan ɗaya.