Randar da Aka Kira Kwandem

Tunda ka tambaye ni kalmar nan ta kwandem da ta cika bakin mutane, gyara zama ka ji. Daga Turanci muka aro ta. A can inda ta fito hukunci ce mai nauyi: a duba abu a ce ya tashi daga aiki, babu inda ya dace da shi sai juji. Mu kuwa da ta shigo bakinmu, ko ɗan tabo muka gani a jikin abu sai mu liƙa masa ita. To, an yi wata tsohuwa maginiyar tukwane a wani ƙauye na bakin titi. Wata shekara ramin da take haƙar yumɓu ya rufta, sai ta koma ɗiba a gefen rafi, inda ƙasar ke da yashi. Ta yi makonni tana ginin randuna, ta shanya, ta gasa. Da aka janye toka sai ga su sun fito da kaushi, wuta ta zana musu baƙi a ciki da gefe, babbar cikinsu ma bakinta ya ɗan karkace. Dillalin da ke zuwa daga birni yana saya wa masu adon gidaje ya iso, ya shafa, ya ƙwanƙwasa, ya sa aka zuba ruwa a ɗaya. Jim kaɗan bayanta ya yi damshi kamar goshin manomi. Ya kaɗe hannu ya ce, "Iya, waɗannan duk kwandem ne." Ta ce, "Ɗan nan, mene ne kuma kwandem?" Ya ce, "Abin da ya lalace." A gaban matan unguwa ya faɗa, ya shiga motarsa ya tafi. Shekara arba'in tana wannan sana'a ba a taɓa mayar mata da ko kasko ba. Kwana biyu ba ta leƙa waje ba don kunya. Ran na uku ta ɗauko taɓarya za ta farfasa su, ta ɗaga, sai ta ji hannunta ya ƙi sauka. Ta ajiye taɓaryar, ta sa aka kai mai karkataccen bakin gindin tsamiyar da ke bakin titi, ta cika ta da ruwa, ta kifa faifai, ta ɗora moɗa. Ta ce in ba ta yi ado ba, ta yi sadaka.

Lokacin bazara ne, irin wadda ƙadangare ma ke neman inuwa. Wani direban babbar mota ya tsaya ya sha, sanyin ya ratsa masa haƙora, ya sake ɗiba, ya zuba a ka. Ya tambayi tsohuwar ko ƙanƙara take sakawa. Ta ce a ina za ta ga ƙanƙara a nan, randar ma ai kwandem ce. Ashe wannan gumin da dillali ya ƙyamata shi ne sirrin: ruwa na tsattsafowa ta jikin yashin, iska na busar da shi, tana tafiya da zafin. Direba bai bar wurin ba sai da ya sayi guda ya ɗaure a bayan motarsa. A tasha ya ba abokansa labari, su kuma da suka zo sai suka riƙa sallama suna cewa, "Iya, akwai sauran kwandem?" Ranar da ta fara jin haka ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. Kafin ruwan farko ya sauka babu ko ɗaya a tsakar gidanta. Ta koma gefen rafi da gangan, matan da aka kunyata ta a gabansu suka bi ta da kwanduna suna koyo. Har ta kai uwar amarya ba ta yarda a kai 'yarta ɗaki sai da irin wannan randa a cikin kaya. Wata rana wani malamin makaranta, wanda ya sha Turanci ya ƙoshi, ya zo baƙunta ƙauyen. Ya ji mai masaukinsa ya ɗaga murya yana cewa a ɗebo wa baƙo ruwa a kwandem. Ransa ya ɓaci, ya ce a zuci, wato darajarsa ke nan. Don kara ya karɓi moɗar, ya kurɓa yana yatsina. Bai sauke ta ba sai da ya ga gindinta, ya miƙa a ƙaro, ya sake miƙawa, mutanen zaure na ta dariya, shi ma yana yi, ruwa na bin gemunsa.

Saboda haka kalmar tana da wurinta, amma kafin ka yanke wa abu hukunci da ita, bari ya yi aikinsa ka gani tukuna. Hausawa sun riga sun faɗa: raina kama ka ga gayya.