Kwafin Ƙarshe na Maɗaba'ar Gawasa

Tun da aka hana sare itace, takarda ta koyi gane ido. Duk littafin da ya shekara baƙon ido bai karance shi har ƙarshe ba, rubutunsa yakan dusashe, hukuma ta kwashe farar takardar.

Da hantsi Hajiya Tasalla ta rufe Maɗaba'ar Gawasa, ta ratsa kasuwar Funtuwa da littafi cikin mayafi. Waƙoƙin marigayi mijinta ne. Saboda su ne ita da shi suka kafa maɗaba'ar a zauren haya suna matasa, bayan kowane kamfani ya ƙi bugawa. Kwafi ɗaya ya rage, sunansa a bango ya fara komawa ruwan toka.

"Iro, taimaka ka karanta mini," ta ce wa tela.

"Hajiya, ai ya san idona tun bara waccan. Ni da matata, har surukata."

A tasha wani direba ya buɗe, ya yi hamma a baiti na biyu, ya miƙo mata. "Inna, soyayya a wannan zafin?"

Ta koma maɗaba'ar ƙafafu a kumbure, ta zauna gefen injin buga littattafai. Daga bakin mijinta ta haddace waƙoƙin, amma wannan kwafin ba ta taɓa buɗewa ba. Tana adana idonta ne don ranar da mutane za su ƙare.

Ta goge tabarau. "To, Malam, yau ni ce baƙuwar. Baɗi kuma ban san wa zan kawo maka ba."

Ta buɗe shafin farko, tana karantawa a hankali don kada ya ƙare da wuri.